Tafiya Kiribi da mota: za a iya yada zango da tanti a bakin teku tare da iyali?

Bello_Ngawundare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kudancin Kamaru. Idan makarantu suka yi hutun ƙarshen shekara, ina da niyyar in ɗauki mai ɗakina da yara a motata mu tashi daga Ngawundare mu gangara har Kiribi, domin yaran su ga teku da idonsu. Abin da nake so shi ne kada mu sauka a otal, mu tafi da tanti da kayan girkinmu mu yada zango a bakin ruwa, daga nan mu riƙa zagaya wuraren da ake ba da labarinsu, musamman magangarar kogin Lobe da ƙauyen da kunkurun teku ke fitowa ya yi ƙwai. Kuɗin otal a lokacin hutu yana da nauyi ga mai iyali, kuma ina ganin yaro ya fi sanin wuri idan ya kwana a cikinsa ya tashi a cikinsa. Mai ɗakina ba ta gamsu ba tukuna, mahaifiyata kuwa cewa ta yi wanda Allah ya ba ɗaki ba ya kai 'ya'yansa kwanan rairayi. Shin akwai wanda ya taɓa yin irin wannan zango a can, kuma abu ne mai yiwuwa ga mai mata da ƙananan yara?

DirebanTirela_Garwa:
Wa alaikumus salam. Malam Bello, kafin a kai ga maganar tanti a fara da hanya, domin ita ce za ta cinye rabin ƙarfinka. Daga Ngawundare za ka bi ta Maiganga zuwa Garwa-Bulai, wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga nan Bartuwa, Abon-Mban, Ayos, sannan Yawunde, kuma wannan kaɗai ya haura kilomita 800. Daga Yawunde sai ka ɗauki hanyar Duwala har Edeya, wajen kilomita 180, a nan ka karya hagu ka yi kudu, saura kilomita 110 da ɗan wani abu. Kada ka yarda ka yi wannan tafiya a tashi ɗaya da yara a mota. Ka kwana a Bartuwa, ka sake kwana a Yawunde, kuma kada magariba ta same ka a kan kwalta, domin daga Bartuwa zuwa gaba hanyar ta manyan motoci ce masu ɗauke da gungumen itace daga dazukan gabas, kuma idan ɗaya ta lalace da dare sau da yawa reshen bishiya kawai ake ajiyewa a bayanta a matsayin alama. Tsakanin Yawunde da Edeya ma sai da haƙuri, kada ka wuce mota a kan kwana. Ka tanadi canjin sefa 500 da yawa saboda shingayen biyan kuɗin hanya.

Hajiya_Birkitiri:
Ni dai ina bayan mahaifiyarka, Malam Bello, kuma ba don tsoro ba. Ku maza idan kuka ce zango, abin da kuke hangowa shi ne wuta da shayi da hira, amma wadda za ta yi girki a kan rairayi iska tana zuba mata yashi a tukunya, wadda za ta nemi inda za ta kewaya, wadda za ta wanke yara da dare bayan sun jiƙe da ruwan gishiri, ita ce mai ɗakinka. Ruwan teku ba ya shayuwa, sabulu ba ya kumfa a cikinsa yadda ya kamata, kuma idan ya bushe a jikin yaro sai ƙaiƙayi. A ina za ku samu ruwan daɗi? A ina mace mai lulluɓi za ta yi wanka a filin da masunta ke wucewa tun kafin asuba? Mu da muke zaune a Yawunde muna zuwa Kiribi, kuma ana samun ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi idan mutum ya ɗan ja baya daga bakin ruwa. Idan ba ka amsa waɗannan tambayoyi ba, to hutun naka ne kai kaɗai.

Malam_Isa_Labarinƙasa:
Maganar Hajiya tana da ƙarfi, amma akwai abin da ya fi ta gaggawa, wanda mu mutanen tudu ba mu taso da saninsa ba. Teku ba kamar kogin Binuwai ba ne da ke cika da damina ya janye da rani. Yana cika ya janye sau biyu a kowane yini da dare, tsakanin cika da cika kusan awa goma sha biyu da minti ashirin da biyar, kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti hamsin kowace rana. Saboda haka filin rairayin da ka gani da la'asar a bushe, shimfiɗe, mai kyaun kafa tanti, yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa da tsakar dare. Cikar ta fi yawa a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wato lokacin da jinjirin wata ya tsaya da lokacin da ya cika, don haka kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinka za ta yi maka amfani a nan. Alamar da za ka duba ita ce layin tarkace, ganyaye da karare da ɓawon kwakwa da robobi, wanda ruwa ke bari a iyakar inda ya kai. Ka kafa tanti can sama da wannan layi, inda ciyawa ta fara tsiro, amma ba a ƙarƙashin bishiyar kwakwa ba, domin ɗanta idan ya faɗo daga wannan tsawo yana iya illata babba, balle yaro.

AbuFatima:
Game da izini, ba na jin akwai matsala. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ta sanya gaɓar teku, har da mita 50 daga iyakar cikar ruwa mafi girma, a cikin dukiyar jama'a. Babu wanda ya mallake ta, saboda haka babu mai hana ka kafa tantinka.

Garba_MaiShago_Kiribi:
Malam AbuFatima, abin da ka faɗa game da takarda haka yake, amma ina zaune a garin nan da daɗewa ina kasuwanci, kuma ina shaida maka cewa wanda ya zo da wannan magana a bakinsa ba zai ji daɗin zama ba. Kowane yanki na rairayi yana gaban wani ƙauye ne ko wani otal ko wani gida, kuma a nan mutane ke jan kwalekwalensu, suke shanya komarsu, wasu wuraren ma kusa da kaburburan kakanninsu suke. Batanga da Mabi su ne 'yan ƙasa a wannan gaɓa, kuma mutane ne masu karɓar baƙo idan ya shigo ta ƙofa. Abin da ake yi shi ne ka isa da rana tsaka, ka tambayi gidan mai gari, ka gaishe shi, ka gaya masa ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka ba da ɗan abin gaisuwa. Shi zai nuna maka wurin da ya dace, sau da yawa ma ya haɗa ka da saurayin da zai kula da ku, kuma daga lokacin duk ƙauyen ya san baƙon mai gari ne.

Amma ga mai iyali, shawarata ta fi kusa da ta Hajiya ba tare da an jefar da tantin ba. Daga gari zuwa kudu, ta hanyar Lobe da Giran-Batanga, akwai ƙananan masaukai da ke kan rairayi, kuma wasunsu sukan yarda mutum ya kafa tantinsa a cikin harabarsu ya biya wani abu kaɗan, ya yi amfani da famfo da makewayi da mai gadinsu. Sai dai a ƙarshen Disamba garin yakan cika maƙil da mutanen Duwala da Yawunde, kiɗa har asuba a rairayin cikin gari, don haka a yi magana da su tun da wuri. Idan ana son natsuwa, Lonji da ke arewa da gari, kamar kilomita 15 a kan hanyar Edeya, lungun teku ne da ruwansa ya fi kwanciya.

Hajiya_Birkitiri:
To, Malam Garba ya kawo magana. Idan akwai famfo da makewayi mai ƙofa da mai gadi, rabin ƙorafina ya tafi. Ragowar rabin yana nan.

Maryam_Ma'aikaciyarJinya:
Yaya Bello, ragowar rabin da Hajiya take nufi ina jin har da sauro. Kiribi wuri ne mai zafi da danshi duk shekara, ruwan saman da ke sauka a can ya kusa ninka na Ngawundare, kuma zazzaɓin cizon sauro ba shi da lokaci. Disamba zuwa Fabrairu ne ruwa ke ɗaukewa, amma ɗaukewarsa ba irin ta arewa ba ce, ana iya yin yayyafi ko ma ruwa sosai da dare, saboda haka tantin ya zama mai rufi biyu, da raga a ƙofa da taga wadda ba ta yage ba. Za ku baro sanyin hunturu na tudun Adamawa ku shiga inda rigar da aka wanke da safe ba ta bushewa har yamma, don haka barguna ba su da amfani, zannuwa marasa nauyi sun isa. Bayan sauro akwai wasu ƙananan ƙwari da ake kira mutmut, waɗanda ba a cika ganinsu ba sai dai a ji cizo, sun fi fitowa da sassafe da kuma yamma a kusa da kogi, kuma yara sukan sosa wurin har ya zama gyambo. A sa musu dogon wando da riga mai dogon hannu a waɗannan lokuta, a shafa maganin ƙwari. Ka je asibiti kafin tafiya a ba ka shawara kan maganin zazzaɓi, ka tafi da gishirin zawo da abin auna zafin jiki. Sannan kada a shigar da gawayi mai wuta ko risho cikin tanti a rufe, ko da ruwa ya tsuge, domin hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum yana barci.

Ɗan_Damagaram:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ni daga Nijar nake, kuma wannan tafiya ta ba ni sha'awa. Idan mutum zai shigo da motarsa daga waje, me ake buƙata? Kuma sefar da ke hannunmu tana aiki a can?

DirebanTirela_Garwa:
Ba ta aiki kai tsaye, ɗan'uwa. Darajarsu ɗaya, amma sefar Afirka ta Yamma daban, ta Afirka ta Tsakiya daban, mai shago a Kiribi ba zai karɓi takardar Nijar ba, sai ka canza tun a iyaka. Haka inshorar mota: kati mai launin ƙasa-ƙasa na ƙasashen yamma ba ya aiki a Kamaru, nan katin ruwan hoda na ƙasashen tsakiya ake nema. Kwastan za su ba ka takardar shigar da mota na ɗan lokaci, ka adana ta fiye da kuɗinka domin da ita za ka fita. Katin rigakafin shawara dole ne ga kowa, har yara. Maganar biza ka tambaya a ofishin jakadanci tun kana gida, kada ka dogara da abin da aka gaya maka a tasha.

UmmuHaidar:
Mu koma kan Lobe, tunda ita ce kan gaba a abin da Malam Bello ke son nuna wa yara. Mun je da maigidana, kuma ina ganin ko don ita kaɗai tafiyar ta biya. Tana kamar kilomita 8 kudu da gari. Abin da ya bambanta ta da magangarar Tello ko ta Vina da kuka sani a wajen Ngawundare shi ne kogin ba ya faɗawa cikin kwari ya ci gaba da tafiya, a'a, yana fitowa daga cikin daji ya rarrabu a kan duwatsu baƙaƙe, ya zuba kai tsaye cikin teku daga tsawon da ya kai kusan mita 20. Daga kan rairayi ana ganinta, amma sai an shiga kwalekwale ake sanin girmanta. Mai tuƙin yakan matsa da ku har feshin ruwan ya fara jiƙa fuska, ƙarar ta hana ku jin maganar juna, kuma a wurin ana ganin ruwan kogin, mai duhu saboda ganyayen daji, yana shiga cikin na teku kafin su gauraya. A gefe mata suna ɗaga 'yan kwandunan kamun jatan lande da suka nutsar tun dare, kuma a rumfunan da ke bakin wurin ake soya shi da tafarnuwa da barkono a kawo da soyayyar agada.

Abu biyu zan ja kunne a kai. A gama ciniki da mai kwalekwale tun ƙafa tana kan rairayi, a faɗi kuɗin a fili, a kuma tabbatar na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, domin namu sai da muka kai tsakiyar ruwa ya ce abin da muka yi da shi na kai ɗaya ne. Na biyu, kada yaro ya shiga ba rigar kariya, idan ba su da ita a haƙura a tsaya a gaɓa.

Malam_Isa_Labarinƙasa:
Ƙari a kan bayanin Malama UmmuHaidar: irin wannan magangara da ke zuba cikin teku kai tsaye ba su da yawa a duniya, shi ya sa Kamaru ta shigar da ita cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya tun 2006. Kuma wuri ne da mutanen yankin ke girmamawa a al'adarsu, suna da bukukuwan da suke yi a can. Ba sai mun yarda da abin da suka yi imani da shi ba kafin mu hana yaranmu jefa robar lemo a ciki. A Disamba ruwan bai kai ƙarfin na Oktoba ba, amma ya fi sauƙin kusanta.

Sadiq_Marwa:
Ni an gaya mini idan aka hau kogin ta sama da magangarar, ana kai mutum ƙauyen mutanen daji gajeru ya ga yadda suke rayuwa. Malam Bello ya sa wannan a lissafi, yara za su so shi.

UmmuHaidar:
Ƙanena Sadiq, sunansu Bagyeli, kuma an kai mu. Tafiyar kogin kanta tana da kyau, itatuwa sun rufe sama, ana jin tsuntsaye ana ganin birai jefi-jefi. Amma abin da muka tarar a ƙarshe bai kwanta mini ba. Mutane ne matalauta da dajinsu ke ƙanƙancewa saboda gonakin roba da na kwakwar manja, an tsayar da su suna rawa don baƙi su ɗauki hoto, kuma ban ga alamar kuɗin da muka biya ya isa hannunsu ba. Ban so 'ya'yana su koyi cewa ana zuwa kallon ɗan Adam kamar yadda ake zuwa kallon dabba ba.

Garba_MaiShago_Kiribi:
Malama, ban musa abin da kika gani ba, amma idan baƙi suka daina zuwa gaba ɗaya, ɗan abin da suke samu ma ya yanke. Wanda zai je ya gaisa da su kamar yadda zai gaida kowa, ya nemi izini kafin hoto, ya sayi zuma ko abin da suka saƙa, ya miƙa kuɗin hannu da hannu. Kada a kai musu giya ko taba ko da ɗan rakiya ya ce haka ake yi.

Ustaz_Abdurrahman:
Tunda Hajiya ta ambaci ruwa, bari in ƙara abin da ya shafi ibada, domin na ga matafiya suna shiga ruɗu a kansa. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da shi ana wankan tsarki da shi, kuma hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Don haka ruwan daɗin da kuka ɗauko a bar shi don sha da girki. A kan hanya za ku yi ƙasaru, amma a mazhabarmu ta Malikiyya idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kiribi, to da isarku za ku cika salla. Alƙibla kuwa a can ta fi karkata arewa fiye da yadda aka saba a ƙasar Hausa. Gaɓar tana fuskantar yamma, rana a cikin ruwa take faɗuwa, saboda haka ka ba teku baya sannan ka karkata hagu sosai, wajen arewa maso gabas. Akwai masallatai a cikin gari, Malam Garba zai fi ni sanin wanda ya fi kusa.

Garba_MaiShago_Kiribi:
Akwai, Allah gafarta Malam, kuma mahauta da masu tsire 'yan arewa ne, don haka nama ba abin damuwa ba ne. Amma wanda ya zo Kiribi ya ci nama ya yi asara. A bakin kogin Kiyenke, inda ya shiga teku a tsakiyar gari, akwai wurin da masunta ke sauke kifi. Za ka zaɓi kifinka ɗanye a kan tebur, ka yi ciniki, ka miƙa wa matan da ke gefe su gasa maka a kan gawayi da yaji, su kawo da bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye aka dafa. Daga nan da ƙafa za ku isa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, lokacin da garin yake tashar fitar da roba da hauren giwa. Idan ana haka, Hajiya, girkin kan rairayi ya ragu zuwa shayin safe.

Mahamat_Njamena:
Mu a Cadi sunan Kiribi da mai muka san shi, domin bututun da ya taso daga Doba, mai tsawon kilomita 1,070, a nan ya ƙare tun 2003, ana loda man a wani jirgi da ke tsaye cikin teku. Ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi da ta fara aiki a 2018, kamar kilomita 35 kudu da gari. Abin da nake son sani, shin duk wannan bai lalata wuraren kunkurun da Malam Bello ke magana ba? Kada ya yi tafiyar sama da kilomita dubu ya tarar da kwantena.

Zainab_Dabbobi:
Baba Mahamat, gaɓar ta canza, babu shakka, amma kunkurun yana nan. Ƙauyen da ake nufi shi ne Eboje, kamar kilomita 50 kudu da Kiribi a kan hanyar Kampo, gaba da tashar. Mutanensa Iyasa ne, masunta, kuma a da suna cin naman kunkurun da ƙwansa, amma an daɗe ana aikin kare shi tare da su, har ya zama samarin ƙauyen ne ke sintiri da dare suna kwashe ƙwan da ke cikin haɗari zuwa wani killataccen wuri. A 2021 gwamnati ta ayyana ruwan wannan yanki a matsayin gandun teku na ƙasa. Lokacin yin ƙwai yana kamawa daga wajen Oktoba zuwa Maris, don haka hutun Disamba ya faɗo daidai. Iri biyu ne suka fi fitowa, ƙarami mai launin zaitun, da kuma babban mai baya kamar fata, wanda shi ne mafi girman kunkuru a duniya, nauyinsa yakan kai kilo ɗaruruwa. Macen takan fito da dare ta ja jiki sama da iyakar ruwa, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma, sai bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito.

A nan ne nake da ja da shirin Malam Bello. Zango a kan irin wannan rairayi yana cutar da abin da aka je gani. Farin haske na tocila ko fitilar mota yana sa macen ta juya ba ta yi ƙwan ba, 'ya'yan kuma idan sun ƙyanƙyashe haske suke bi, sai su nufi wutar zango maimakon teku. Turken tanti ko tayar mota na iya fasa ramin da ba a gani. A Eboje a sauka a ɗakunan da ƙauyen ya tanada don baƙi, a fita da dare tare da ɗan rakiyarsu da jar fitila, a tsaya ta bayan kunkurun, babu walƙiyar hoto. Kuma a gaya wa yara tun a gida cewa ana iya yin tafiyar dare duka ba a ga ko ɗaya ba.

Sadiq_Marwa:
Tunda an kai Eboje, me zai hana a ƙarasa gandun dajin Kampo-Ma'an? Na ji akwai giwaye da goggon biri.

Zainab_Dabbobi:
Akwai su, gandun an kafa shi a 2000, faɗinsa ya haura hekta 260,000, kuma Kampo tana bakin kogin Ntem, iyaka da Ikwatoriyal Gini. Amma ba kamar gandun Waza ko na Binuwai ba ne da ake zama a mota ana hango dabba a fili. Kurmi ne mai duhu, da ƙafa ake shiga tare da ma'aikatan gandu, ana iya yini ana ganin sawu da kashi kawai. Ba tafiyar ƙananan yara ba ce.

Bello_Ngawundare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mai ɗakina duk abin da aka rubuta, kuma maganar Hajiya ta sa na maimaita mata. Inda muka tsaya yanzu shi ne mu kafa tanti a harabar masauki a wajen Lobe kamar yadda Malam Garba ya ce, ita da ƙaramar yarinyar su kama ɗaki, ni da mazan mu kwana a waje, a Eboje kuma mu sauka a ɗakunan ƙauye. Saura abu biyu. Manyan yaran sun iya iyo a kogi, shin zan bar su su shiga teku? Sannan motata ƙarama ce, ba mai jan ƙafa huɗu ba, za ta kai Eboje?

Malam_Isa_Labarinƙasa:
Iyon kogi ba ya isa, Malam Bello. A teku akwai wata igiya da ke komawa ciki ta wata 'yar siririyar hanya, kuma abin takaici wurin nata ne ya fi kama da kwanciyar ruwa, domin raƙuman ruwa ba sa fashewa a nan. Wanda ta ɗauka idan ya yi ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye zai gaji ya nutse, abin da ake yi shi ne a yi iyo a gicciye, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Yawancin rairayin ba su da masu ceto. Ka tambayi masunta inda 'ya'yansu ke wanka, yara kada su wuce ruwa iya gwiwa zuwa ƙugu, kai kuma kana tsaye a ciki tare da su, ba a kan tabarma da waya a hannu ba. Kusa da magangara da bakin kogi kada a shiga ko kaɗan.

Hajiya_Birkitiri:
Raba kwanan da kuka yi ya yi mini, amma har yanzu ban ga dalilin da zai sa yara maza su kwana a waje sauro yana cinsu alhali ga ɗaki an biya ba. Idan kun iso Yawunde ku biyo ta unguwarmu ta Birkitiri mai ɗakinka ta huta, ni da ita za mu ƙarasa wannan magana.

Garba_MaiShago_Kiribi:
Game da mota, har wajen tashar jiragen ruwa hanya lafiya lau ce, akwai ma sabuwar babbar hanya zuwa Lolabe. Daga nan ne jar ƙasa take farawa, da ƙananan gadoji a kan rafuka. Da rani na ga ƙananan motocin haya suna bi cike da mutane da kaya, saboda haka ina ganin taka za ta kai idan ka bi a hankali kuma ba a yi ruwa a daren ba.

DirebanTirela_Garwa:
A nan ban yarda da Malam Garba ba. Motar haya da ka gani an ɗaga mata baya, direbanta ya san kowane rami da sunansa, kuma idan ta karye a hanya garinsu ne. Malam Bello yana da sama da kilomita dubu na komawa gida a kan wannan mota, da iyali a ciki. Ya ajiye ta a masauki, ya yi shatar wata daga Kiribi zuwa Eboje, a yi magana da direban ya dawo ya ɗauke su washegari. Kuma ko a Lobe kada ya sauke ta kan rairayi don ɗaukar hoto, yashin yana riƙe taya har gindi, ruwa kuma yana tahowa kamar yadda Malam Isa ya bayyana. Kafin ya kamo hanyar arewa ya kai ta wajen wanki a fesa mata ruwan daɗi ta ƙasa, saboda iskar gishiri tana sa tsatsa, ya kuma duba birki a Edeya ko Yawunde. Malam Garba, nawa ake shatar mota zuwa Eboje a yanzu, zuwa da dawowa?